Kututture Bai Mutu Ba: Ƙaramar Gona, Fari da Taimakon Juna

DARASIN IYALI NA WANNAN ZANGO

Wuraren karatu: Ayuba 14:7-9, Farawa 41:33-49 da 47:13-21, Littafin Firistoci 19:9-10, Nehemiya 5:1-13, Ayyukan Manzanni 11:27-30.

Ayar haddacewa: Ayuba 14:7.

Manufa: Iyali su gane abin da yake faruwa da damina a wannan zamani, su san abin da mai ƙaramar gona zai iya yi da abin da yake hannunsa, su kuma ga dalilin da ya sa gida ɗaya ba ya iya tsallake fari shi kaɗai.

GABATARWA

Watan Agusta shi ne watan marka a ƙasar Abuja da kewayenta. A shekara ta 2024 kuwa, daga ƙarshen Yuli har cikin Agusta, ruwan sama ya ɗauke na makonni a jihohi da dama na tsakiyar Najeriya, har da Neja da Nasarawa da Kogi, waɗanda suke iyaka da Babban Birnin Tarayya. Masara ta yanƙwane a tsaye, shinkafar tudu ta bushe, aka yi ta roƙon ruwa a majami'u da filayen idi. Ba a jima ba kuma, ranar 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin Maiduguri. Cikin damina ɗaya ƙasar ta ga fari, ta kuma ga ambaliya.

Mazaunin Garki ko Wuse ya ji labarin a rediyo, daga baya ya same shi a farashin mudun masara. Manomin Kwali ko Kuje kuwa a gonarsa ya gan shi, ya kuma san cewa abin da ya bushe a can shi ne tuwon yara da kuɗin makaranta da irin baɗi. Wannan darasi domin su biyun aka shirya shi, gama a ikkilisiya ɗaya suke, daga rumbu ɗaya kuma suke ci.

1. ABIN DA YA CANJA A GONAKIN ABUJA

Kafin a kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, wannan ƙasa ta manoma ce: Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana da sauransu. Suna noman doya da dawa da gero da masara da riɗi da gyaɗa. Ƙasa tana da faɗi, mutane kuwa kaɗan ne, saboda haka in gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru, a sari sabuwa. Hutun nan shi ne takinta. Ciyawa da itatuwa su tsiro, ganye ya zuba ya ruɓe, ƙarfin ƙasa ya komo ba tare da an kashe ko kwabo ba.

An komar da mazaunin gwamnati Abuja ranar 12 ga Disamba 1991. Ƙidayar wannan shekara ta sami mutane wajen 370,000 a yankin. Ta 2006 ta sami fiye da miliyan 1 da dubu 400, yawan kuma bai daina hauhawa ba. Gidaje da hanyoyi sun ci gonaki. An ta da wasu ƙauyuka aka sake musu matsuguni, kamar mutanen Wuse da aka kai Sabon Wuse. Wanda ya ragu da gona a Bwari ko Gwagwalada ko Abaji yana nomanta kowace shekara ba hutu. Birni kuma yana bukatar gawayi da itacen girki, sai gatari ya shiga kan kirya da marke, har da kaɗanya da ɗorawa waɗanda iyaye ba sa yarda a taɓa.

A kan wannan gajiyayyar ƙasa ne canjin yanayi ya sauka. Hayaƙin man fetur da kwal da iskar gas, da sare dazuzzuka, sun ƙara wa sararin sama iskar da take riƙe zafin rana. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar cewa zafin duniya a 2024 ya haura na zamanin da ba a fara manyan masana'antu ba da wajen digiri ɗaya da rabi. Masana sun nuna cewa duk digiri ɗaya da aka ƙara, iska tana iya ɗaukar ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100. Ma'anar wannan ga manomi abu biyu ne. Iska mai zafi tana tsotse laimar gona da sauri, in kuma ta tashi zubarwa sai ta zubar da yawa a lokaci guda.

Abuja ba hamada ba ce. Ruwan da take samu a shekara ya fi milimita 1,000, daminarta kuma takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba. Damuwar tana wajen rabon ruwan. Yakan sauko da wuri, a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke kwana goma sha biyar, iri ya ƙone a rami. Ko kuwa ya tsaya daidai lokacin da masara take fitar da gemu tana shirin goyo, lokacin da ba ta jure ƙishi ko kaɗan. In ya komo da ƙarfi, sai ya tarar da ƙasa tsirara, ya kwashe samanta ya zuba a kogin Usuma da na Gurara. Ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen ganye a cikinta kamar kwando take: ko an cika ta da ruwa da safe, kafin yamma ta tsiyaye.

2. DARASI DAGA MARAƊI

Domin a ga inda irin wannan hanya take kaiwa, da kuma yadda ake komowa daga gare ta, sai a duba arewa, ƙetaren iyakar Katsina, watau jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Mutanen wurin Hausawa ne manoman gero, ruwan da suke samu kuwa bai kai rabin na Abuja ba. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya ta da garuruwa. Daga nan aka yi ta share gonaki ƙal, ana ganin manomin kirki shi ne wanda ba a samun ko tsiro a gonarsa. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har wani ya sake shuka sau uku ko huɗu a damina ɗaya. Mata suna tafiya mai nisa neman itace, in sun rasa su dafa abinci da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su koma gona su zama taki.

A farkon shekarun 1980 ƙungiyar mishan ta SIM tana da wani ma'aikacin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya. Aikinsa renon itatuwa da dasa su a ƙauyuka, amma mafi yawan abin da ya dasa mutuwa yake yi: rana ta ƙone wasu, awaki su ci wasu, gara ta gama da sauran. Wata rana a 1983, yana tafe da mota cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi. Sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda kowa yake ɗauka ciyawar banza ce. Da ya duba ganyen sai ya gane itace ne sosai, wanda aka sare tun da daɗewa, yana toho daga kututture. Saiwarsa tana nan da rai, ta riga ta nutse inda laima take. Irin waɗannan kututture kuwa, na sabara da kalgo da geza da gawo, sun cika gonakin ƙasar, ana sassabe tohonsu kowace bazara ana ƙonewa. Ashe dajin da ake kuka ya ɓace yana kwance ƙarƙashin ƙasa.

Ayuba ya riga ya lura da wannan a sura ta 14. Cikin baƙin cikinsa ya kwatanta mutum da itace, ya ga cewa itacen da aka sare yana da sa zuciya, domin ko saiwarsa ta tsufa, da zarar ta ji alamar ruwa sai ta sake toho. Ayuba kukan gajertar ran mutum yake yi a wurin, amma abin da ya faɗa game da itace gaskiya ce da kowane manomi zai iya gwadawa a gonarsa.

Dabarar da aka fitar mai sauƙi ce, mutanen Maraɗi kuma suka sa mata suna sassabin zamani. Maimakon a sare toho duka, sai a zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa a kan kututture, daga ɗaya zuwa biyar, a datse sauran da wuƙa ko lauje mai kaifi, a rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayi. Bayan 'yan watanni a komo a sake gyarawa. Da yake saiwar babba ce, itacen yana girma da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba.

Sauƙin dabarar bai sa an karɓe ta nan da nan ba. Manoma ƙalilan da suka fara an yi musu dariya, an ce da su ƙazaman manoma, wasu kuma aka bi dare aka sare itatuwansu. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da wannan aiki a ƙauyuka kusan 100, aka bar itatuwa wajen 500,000 a gonaki. Da rabon abinci ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Akwai dalili. A dokar wancan lokaci itatuwa na hukuma ne, mai gona yana iya shan tara in ya sari reshe a gonarsa. Wanda kuma ya rena itace ba shi da tabbacin cewa shi zai amfana. Wa zai yi renon abin da wani zai kwashe da dare?

Waɗanda suka bar nasu dai sun ga bambanci. Iska ta daina binne shuka, ganye ya zuba ya zama taki, an sami itacen girki a kusa da abincin dabbobi da rani. Gawo ma yana da wani hali na musamman: da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Maƙwabta suka fara kwaikwayo. Jami'an daji suka sassauta, aka bar manomi da ikon itacen da ya rena. A wurare irin su Ɗan Saga, cikin yankin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da manoma da makiyaya da mata a ciki, suka yi wa kansu dokoki da tara. Sa'ad da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na dā da na baya, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da gonaki wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, kusan duka da hannun ƙananan manoma. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan taki a busasshiyar ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, wuƙa da kututture suna nan tun fil azal. Abin da ya rasa shi ne yarjejeniyar maƙwabta. Ranar da gari ya yarda cewa itacen da mutum ya rena nasa ne, ran nan daji ya fara komowa.

3. ABIN DA IYALI ZAI IYA YI A GONARSA

Ƙasar Abuja ta fi ta Maraɗi ruwa nesa ba kusa ba, don haka ba kowace dabarar can ce za ta dace a nan ba. Ramukan taki na Sawadogo, alal misali, an yi su ne domin ƙasa mai tauri da ƙarancin ruwa. A gonar da ruwa yake kwanciya suna iya ruɓar da shuka. Amma tushen koyarwar ɗaya ne: a rufe ƙasa, a ciyar da ita, a tare ruwa inda ya faɗi, kada kuma a dogara ga amfani iri ɗaya.

Na fari, itatuwa. Lokacin sharar gona, mai gida ya zaga da yaransa su ƙirga kututturen da suke toho. A zaɓi masu amfani, a ɗaura musu tsumma mai launi domin kowa ya san renonsu ake yi. Kaɗanyar da aka shuka daga ƙwallo takan ɗauki shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, saboda haka wadda take toho a gona dukiya ce da aka riga aka biya rabin kuɗinta. Man kaɗanya da daddawar kalwa kuwa kuɗin uwar gida ne a shekarar da hatsi ya ƙi. Tun da doya da masara suna son rana, sai a ba itatuwan tazara, a riƙa rage musu rassa, rassan su tafi murhu.

Na biyu, a daina ƙona gona. Wuta tana cinye karan da zai rufe ƙasa, ta bar toka wadda iska da ruwan farko za su kwashe. Manomin doya ya riga ya san amfanin rufi, shi ya sa yake ɗora busasshiyar ciyawa a kan kowane tulin ƙasa domin kada rana ta dafa irin. Abin da ake yi wa doya shi ya kamata a yi wa gonar duka: a kwantar da kara da ganye tsakanin kunyoyi. A bayan gida kuma a haƙa ramin taki, a riƙa zuba shara mai ruɓewa da toka da kashin kaji da na awaki, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin sufuri da na kayan gona suka yi tsalle, takin zamani ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Ɗan abin da aka iya saya ma ya fi yin aiki in an sa shi a gindin shuka a ƙasar da take da takin gida.

Na uku, kunya. Kunyar da ta bi gangare hanya ce aka gina wa ruwa ya gudu da ƙasa. A yi ta a gicciye, a kuma datse kwarin da ɗan tudun ƙasa bayan kowane 'yan taku, domin ruwa ya tsaya ya nutse. Inda zaizaya ta fara cin gona, a jera duwatsu ko a dasa jema.

Na huɗu, iri da lokacin shuka. Ruwan farko yakan ruɗi mutum. Kafin a zuba iri duka, a tona ƙasa a ga ko laima ta nutse sosai, a kuma raba shukar kashi biyu ko uku da ratar kwanaki, domin in fari ya kama kashi ɗaya wani ya tsira. Hukumar NiMet, wadda hedkwatarta take Abuja, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da wuraren da ake tsoron zai tsaya. Hasashe ne, yana iya kuskure, amma ya fi tafiya a makance. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, tare da IITA ta Ibadan, sun fitar da irin masara masu nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, da masu jure ƙishi da ƙuduji. Hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa tana da cibiya a Sheda, kan hanyar Lokoja, malaman gona kuma suna iya nuna inda ake samun iri na gaskiya. Duk da haka kada a yar da abin da aka gada. Dawa da gero da acca da rogo sun fi masara haƙurin ƙishi. Wake da gyaɗa da waken soya suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, juya su da hatsi kuma yana rage ƙuduji.

Na biyar, ajiya. Hatsin da aka sha wahala aka noma bai kamata ya zama abincin ƙwari ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwaro ta wurin hana shi iska, ba tare da an zuba magani ba. Sharaɗinsa hatsi ya bushe sarai, a kuma ɗaure kowace leda dabam.

4. RUMBUN YUSUFU DA KUKAN ZAMANIN NEHEMIYA

Ko da iyali sun yi waɗannan duka, akwai shekarar da ruwa zai ƙi. Tambayar ran nan ita ce, a hannun wa hatsi yake?

Farawa 41 ta nuna hikimar Yusufu. Ya ba da shawara a keɓe kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi, aka tara a biranen da suke kusa da gonakin, ƙasar Masar ta rayu, har maƙwabtanta suka zo awo. Masu karatu da yawa a nan suke tsayawa. Amma sura ta 47 ta ci gaba da labarin. Da yake rumbun na Fir'auna ne, Masarawa suka biya da kuɗinsu, kuɗi ya ƙare suka kawo dabbobi, dabbobi suka ƙare suka ba da gonakinsu da kansu. Sun tsira da rai, amma sun fito daga yunwar ba su da ƙasa.

A Nehemiya 5 abin ya fi ciwo, gama tsakanin 'yan'uwa ya faru. Saboda yunwa da haraji, talakawan Yahuda suka jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi, har 'ya'yansu suka shiga bauta a gidajen danginsu masu hali. Nehemiya ya tara jama'a, ya tsauta wa manya, ya sa suka mayar da gonakin suka yafe ruwan bashin, shi kansa kuma ya fara da nasa.

Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙauyukan yau. Da kaka, lokacin da hatsi yake araha, manomi yana sayarwa domin kuɗin makaranta da asibiti da hidimar Kirsimati. A watan Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, ga noma a gaba, sai ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da buhu biyu a kan ɗaya. In aka yi shekara biyu a jere haka, sai akuya ta tafi, keken ɗinki ya bi ta. A gefen birni irin Abuja, inda masu neman fili suke yawo da kuɗi a hannu, abin da yake biyo baya shi ne gonar kanta. Fari na damina ɗaya ne, gonar da aka sayar kuwa ba ta komowa.

Shari'ar Musa ta yi wa wannan rigakafi. Littafin Firistoci 19 ya hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf ko komawa tsince abin da ya zuba, domin a bar wa matalauci da baƙo su yi kala. Da wannan doka ce Rut da Na'omi suka ci abinci a Baitalami ba tare da sun yi bara ba. A Ayyukan Manzanni 11 kuma, da masu bi na Antakiya suka ji ana zuwa da yunwa, ba su jira ta iso ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Ikkilisiyar babban birni ce ta aika wa wadda take cikin ƙunci, ta kuma zaɓi amintattun mutane su kai.

5. AIKIN IKKILISIYA DA UNGUWA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye sun san gayya, sun san adashe, sun san ba a barin gonar gwauruwa ko ta majinyaci ta sha ciyawa. Noman kuɗi da tafiyar samari birni su yi acaba sun raunana waɗannan al'adu, amma kamar kututturen Maraɗi suke, saiwarsu tana nan. Ga wurare huɗu da ikkilisiya za ta iya fara renonsu.

Rumbun jama'a. Da kaka kowane gida ya kawo abin da aka amince, ko tiya biyar ko goma, a haɗa da wani kashi na baikon godiyar girbi maimakon a yi gwanjonsa duka ran nan. A ajiye har damina ta yi tsakiya, a ba mabukata rance su mayar da ɗan ƙari kaɗan bayan girbi, a keɓe wani kashi kyauta domin gwauraye da marayu. Sai dai a sani, an kafa irin waɗannan rumbuna da yawa a ƙasashen Sahel bayan farin shekarun 1970 da 1980, da yawansu kuma sun rushe, domin an ci bashi ba a biya ba, ko masu riƙon makulli sun yi yadda suka ga dama. Saboda haka kwamiti ya ƙunshi maza da mata, ƙofa ta zama da kwaɗo biyu a hannun mutum biyu, a rubuta kowane mudu a littafi, a karanta lissafi a gaban jama'a duk wata uku. Dattijo ko fasto da ya karɓi rance shi ya kamata ya fara biya.

Iri. Zumuntar mata ta fi kowa sanin gidan da yake da irin wake mai saurin nuna ko tsohuwar dawa mai jure fari. A sa rana guda kafin damina ta musayar iri, a kuma ajiye wani abu domin wanda shukarsa ta fari ta ƙone.

Yarjejeniyar itace da kiwo. Wannan ta wuce bangon majami'a, gama wutar daji da zaizaya ba su san gonar Kirista ko ta Musulmi ba. Dattawa su je wurin mai unguwa da sarkin gari, a zauna da liman da arɗon Fulani da masu yin gawayi, a amince a kan itatuwan da ba a sarewa, da lokacin da shanu za su shiga karan gona, da burtalin da ba a nomewa. A dā manomi yakan roƙi makiyayi ya kwana da garkensa a gona bayan girbi saboda taki, har ya ba shi hatsi. Rikici ya ɓata wannan zumunci a wurare da yawa, an yi hasarar rayuka, raunin kuma bai warke ba. Amma inda zama yake yiwuwa, a tuna cewa kwamitin Ɗan Saga ya yi ƙarfi ne domin makiyaya suna cikinsa.

Zumuncin birni da ƙauye. Ikkilisiyoyin cikin birnin Abuja suna da ma'aikata da malaman gona da masu motoci. Ikkilisiya ɗaya ta birni tana iya ƙulla zumunci da ɗaya ta ƙauye: gidaje su haɗa kuɗi su sayi doya da hatsi kai tsaye da farashin adalci, matasa su riƙa aika hasashen damina ta waya, a karanta shi cikin sanarwar ranar Lahadi da harshen da manoma suke ji. Mai bi kuma da ya ga ɗan'uwa yana shirin sayar da gonarsa saboda yunwa, ya tuna da Nehemiya kafin ya tambayi farashi.

KAMMALAWA

Mai ƙaramar gona a Kuje ba shi ne ya ɗumama duniya ba, ba kuma shi zai tsai da damina a kan lokacinta ba. Abin da yake hannunsa shi ne kututturen da yake gonarsa, da karan da zai ƙona ko ya bari, da irin da yake cikin tulu, da maƙwabcin da yake gefensa. Roƙon ruwa daidai ne, Iliya ma ya roƙa. Amma ruwan da aka roƙa zai sauka ne a kan ƙasar da aka shirya ko wadda aka bari tsirara, hatsin da ya bayar kuma zai shiga rumbun da zai riƙe gari ko wanda zai talauta shi. Wannan shiri da rani ake yinsa, tun hadari bai haɗu ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne itatuwa ne kakanni suka sani a gonar iyali waɗanda babu su yanzu? Me ya faru da su?

2. Me ya sa aka sare kashi biyu cikin uku na itatuwan Maraɗi bayan rabon abinci ya ƙare, me kuma ya sa aikin ya tsaya da ƙafarsa daga baya?

3. Mece ce bambancin rumbun da aka gani a Farawa 47 da taimakon da aka gani a Ayyukan Manzanni 11?

4. Ta wace hanya mazaunin birni wanda ba shi da gona zai iya cika dokar kala?

5. Wace gona ce a unguwa take bukatar gayya a damina mai zuwa, wa kuma zai kira ta?

AIKIN GIDA

Kafin fitowa ta gaba, kowane iyali mai gona ya zaɓi kututture biyar ya gyara su, yara su ɗaura musu alama su riƙa auna tsayinsu. Iyalin da yake birni ya keɓe mudu ɗaya daga kowane awo na wata, ya kai wa dattawan ikkilisiya domin rumbun jama'a.

ABIN ADDU'A

A yi addu'a domin manoman da rashin tsaro ya hana su zuwa gonakinsu na nesa, domin gwauraye masu noma su kaɗai, domin zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya, domin kuma amincin waɗanda za a danƙa wa makullin rumbu.